Ƙabar Baba da Zaɓen 'Yar Tinƙe

Ni ɗan fari ne, shi ya sa har na yi gemu mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan" yake cewa, in kuma ransa na da daɗi ya ce "mai rediyo". Idan zai aike ni sai ya kalli bango ya ce, "A ce wa wancan ya kai taki gona," ni kuwa ga ni tsugune a gabansa. Gwaggo, yayarsa, ita ta raine ni, kuma ta bakinta maganata ke isa gare shi, tasa ma ta nan take dawowa. Yaran yanzu in na ba su labari dariya suke yi. Mu a ƙauyenmu, can gefen Zoza, tarbiyya ce, kuma ban taɓa jin haushinta ba sai a shekarar da aka yi zaɓen 'yar tinƙe.

Baba yana da ƙaba, irin wadda ke saukowa ƙasa in mutum ya ɗaga nauyi ko ya daɗe a tsaye. Ba abin da ake faɗa ba ne. Duk gidan an sani, amma ko Inna ba ta kama sunan ciwon, sai dai ta ce "abin nan nasa". Da wani tsohon rawani yake ɗaure ta, ya naɗe shi a ƙugu ƙarƙashin riga. In ta sauko za ka ga ya ajiye fartanya bai ce wa kowa komai ba, ya shige cikin dawa ko bayan rumbu, ya kwanta rigingine, ya lallaɓa ta da hannu har ta koma. Can sai ya fito yana kaɗe riga kamar wanda ya je kama ruwa. Mu kuma mu sunkuyar da kai mu ci gaba da noma.

A daminar wannan shekarar ƙabar ta fara yi masa gardama. Gwaggo ta tisa shi gaba har asibiti a Karaye, don duk duniya ita kaɗai ke iya tisa shi gaba. Likita ya duba ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. Ya ce duk ranar da ta sauko ta ƙi komawa, ciki ya ɗaure, amai ya biyo baya, to hanji ne ya shaƙe, kuma a irin wannan ranar ba a jiran gobe. Gwaggo ta dawo ta zayyana mini kaf, ta ce in riƙe a raina. Baba kuwa ya ware bijiminsa ja mai farin goshi, ɗaya daga cikin biyun da ke jan amalankenmu, ya ce da an gama kaka za a kai shi kasuwar Rogo a sayar, a je a yi aikin. Magana ta zauna a haka, hankalin kowa ya kwanta.

Sai siyasa ta shigo. Sojoji ne ke mulki, sun ce za su sauka a hankali, sun kafa jam'iyyu biyu sun ce kowa ya zaɓi ɗaya. Za a fara da zaɓen ciyaman na ƙaramar hukuma, kuma lokacin mu mutanen Rogo muna ƙarƙashin Karaye ne. Zaɓen ma sabon salo ne, babu akwati, babu ɓoye-ɓoye. Za a kafa hoton kowane ɗan takara a fili, ka je ka tsaya a bayan wanda kake so da rana tsaka, a bi layi a ƙirga kawuna. Maƙwabcinka na kallonka, surukinka na kallonka, wanda ka ci tuwonsa jiya na kallonka. Wannan shi ne 'yar tinƙe.

Ni sana'ata gyaran rediyo ce, ina kuma da lasifika mai ƙaho biyu da batirin mota, ina ba da haya wurin biki da wa'azi. Ɗaya daga cikin 'yan takarar, wani Alhaji mai fataucin hatsi, ya ɗauke ni da kayana gaba ɗaya don yawon kamfe. Mutum ne mai sanyin murya da yawan dariya. In ya riƙe hannunka ba ya saki sai ya tambayi lafiyar kowa a gidanku har da jaki. Ba zan yi masa ƙarya ba, zama da shi akwai daɗi.

Ranar da ya zo ƙauyenmu ni na ɗaura ƙaho a reshen tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa. Ya yi maganar taki, ya yi maganar hanya, mutane na gyaɗa kai kawai, don sun saba ji. Sai ya sassauta murya ya ce ya san akwai dattawa a nan masu ɗauke da lalurar da ba sa iya faɗa. Ya ce in Allah ya ba shi kujerar nan, zai kawo likitoci har Rogo, duk mai ƙaba da duk mai yanar ido a yi masa aiki kyauta, kada talaka ya ƙara sayar da dabbarsa don a yanka cikinsa. Maza da dama suka sunkuyar da kai, ashe ba Baba kaɗai ke ɗaure da rawani a ƙugu ba. Na saci kallon Baba na ga yana jan carbi, bai ɗago ba.

Wani ya riga ya tsegunta wa Alhaji komai, har da zancen bijimi, an kuma gaya masa cewa a unguwarmu inda Baba ya tsaya nan mutane ke tsayawa. Ba shi da sarauta, amma bai taɓa faɗin magana ya janye ba, kuma da wannan kaɗai ake binsa. Ana watsewa Alhaji ya bi shi har zaure, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa.

"Malam, ni ɗanka ne," in ji shi. "Ka bar bijiminka ya yi maka noma. Aikin nan a wuyana yake."

Baba ya dube shi. Sannan ya ce, "To Alhaji, Allah ya ba ka iko. Ranar zaɓe ni ne a gaban layinka." Suka ɗaga hannu aka shafa fatiha, mutanen unguwa cike da zauren suna shaida.

Da ranar kasuwa ta zagayo, ƙanena ya kwance bijimi zai kora. Baba ya ce a mayar da shi turke. Ni ma a lokacin murna na yi, don bijimin nan ni na koya masa garma.

Murnar ba ta yi nisa ba, saboda mai lasifika yana jin abin da sauran mutane ba sa ji. Kowane gari yana jin jawabi ɗaya ne, ni kuwa duka nake ji, tun da ni ke riƙe da waya a gindin mota. A Karaye taron na ma'aikata ne da masu shagunan magani da 'yan kasuwa, an jera kujeru. Wani ya tashi ya tambayi Alhaji ina zai samo kuɗin aikin kyauta da aka ji yana faɗa a ƙauyuka. Alhaji ya yi dariyarsa ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san abin kyauta ba ya ɗorewa. Ya ce abin da zai yi shi ne ya zuba magani a asibiti, kowa ya saya da rahusa, kuɗin su riƙa juyawa. Ya ce gwamnati ba uwar kowa ba ce. Aka tafa masa. Ni ina tsugune ina riƙe da kan batir, na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Na ce wa kaina wataƙila dabara ce ta a rufe bakin mutanen gari. Sai muka je Yammedi, inda rijiyoyinsu ke ƙafewa da bazara. A can ya ce lafiya daga ruwa take farawa, shi rijiyoyin burtsatse zai haƙa, maganar tiyata kuwa ba hurumin ƙaramar hukuma ba ce, aikin gwamnatin jiha ne, duk wanda ya ce musu zai yi ƙarya yake. Da bakinsa fa, ta cikin ƙahona. A Rogo Ruma kuma wanzamai da masu maganin gargajiya ne suka cika gaban taron, sai ga Alhaji yana cewa me ya kai mu ga wuƙar likita alhali iyayenmu sun rayu da sassaƙe da saiwa, shi zai ɗaga darajar masu maganin gida. Kai, mutumin nan da za a kai shi taron majinyatan da suka warke, da sai ya ce ciwo ma babu shi.

Ni ba na iya haɗiye magana, wannan halina ne tun ina yaro. A hanyar dawowa daga Rogo Ruma mota ta tsaya a sha ruwa, ina naɗe waya Alhaji ya zo wucewa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "aikin ƙabar nan yana nan kuwa? Na ji an faɗi wani abu daban a Karaye, an faɗi wani a nan."

Ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Mai rediyo ke nan, sarkin kunne. Kowane gari akwai abin da ke damunsa, shi za ka taɓa musu. A ci zaɓe tukuna, komai zai daidaita. Yaya jikin Malam?"

Na ce da sauƙi. Ya ce in gaishe shi da kyau, ya ciro goro ya ba ni in kai masa. Wallahi da ba don kayana na kan motarsa ba, da a nan zan jefa masa goronsa.

Na kai wa Gwaggo magana, Gwaggo ta kai wa Baba. Amsar da ta dawo mini da ita gajeriya ce: a ce wa wancan ya kula da wayoyinsa. Na san bai yarda ba ne, yana ganin surutun yara ne. To ina da rakoda. Da muka sake komawa Karaye na saka kaset na ɗauki jawabin tun daga bisimilla. Washegari da hantsi Baba na zaune a zaure yana gyaran igiyar shanu, na zo na zauna a dakalin waje, na baje sukurdireba da 'yan ƙarafa kamar mai gwada rediyon wani, na kunna, na ƙure murya. Muryar Alhaji ta cika ƙofar gida, gwamnati ba uwar kowa ba ce, abin kyauta ba ya ɗorewa, har da tafin. Baba bai daina murɗa igiya ba har kaset ya ƙare. Sannan ya ce da bango, "Rediyon nan ta cika ƙara."

Da yamma Gwaggo ta kira ni ɗakinta, fuskarta ba daɗi. Ta ce Baba ya ji, kuma ya gane muryar. Ta ce ta roƙe shi a kai bijimi kasuwa a je a yi aikin tun da babu abin jira. Ya ce mata za a yi, amma sai bayan zaɓe. In aka yanka shi yanzu, ranar zaɓe yana kwance, kuma ya ce shi ne a gaban layi. Ta ce masa ai shi Alhajin ya sauya magana. Ya ce wannan tsakanin Alhajin da Allah ne, shi dai ya ɗaga hannu a gaban mutane an shafa fatiha, sauyawar wani ba ta sauke masa nasa nauyin ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan ai taurin kai ne."

Ta ce, "Ubanka ne, ka iya bakinka." Sai kuma ta share ido da gefen zane ta ce, "Tun yana yaro haka yake."

Abin da ya ƙarasa ɗaure mu daga ɗaya ɓangaren ya fito. Abokin takarar Alhaji, wani tsohon ma'aikaci, da farko yawo yake yana cewa aikin kyauta yaudara ce. Da ya ga maganar ta shiga ƙauyuka, shi ma sai ya juya ya ce zai yi, har da ƙarin motar ɗaukar marasa lafiya. Bai tsaya nan ba, ya turo mutuminsa wurin Baba da rana tsaka, a gaban jama'a, ya ce ga mota a ƙofar gida, a tafi asibiti yau a yi aiki, komai a wuyansu, abin da suke so kawai mutanen unguwa su tsaya a nasu layin. Baba ya yi godiya ya sallame shi. Amma magana ta riga ta bazu. Daga ranar duk wanda ya ga Baba ya nufi asibiti, ko da kuɗin bijiminsa ne, cewa zai yi an saye shi. Mutanen nan biyu sun taru sun toshe masa hanyar asibiti, kowanne yana rantsuwa lafiyarsa yake nema.

Kwanakin da suka rage na kasa sakewa. Baba ya riƙa zuwa bayan rumbu fiye da da, kuma yana daɗewa. Da, kafin ka ɗaure dami ɗaya ya fito. Yanzu sai mu gama ɗora kaya a amalanke muna tsaye muna kallon ƙasa, ba mai iya zuwa ya leƙa. Wata rana ya fito leɓɓansa sun yi fari, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ce rana ce. Inna ta fara ɗumama toka tana ƙullawa a tsumma, ta ajiye a bakin ƙofarsa ba tare da ta ce ga abin da za a yi da ita ba. Ya rage cin tuwo, ya koma kunu. Bijimin kuwa yana turke yana cin harawa, sai ƙiba yake yana sheƙi, duk wanda ya wuce sai ya yaba.

Ranar zaɓe aka hana motoci zirga-zirga. Motocin 'yan takara kuma tun asuba sun watsu kai wakilai rumfuna. A filin firamaren ƙauyenmu aka yi namu. Tun da safe aka fara tantance mutane, kowa na tsaye, don ba wanda ke son a kira shi ba ya nan. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Da rana ta take aka ce a yi layi. Aka ba shi sandar da aka manna hoton Alhaji a kanta ya riƙe, maza suka jeru a bayansa, mata can baya. Layin ɗaya ɓangaren na gefenmu, kusa ƙwarai, har muna jin numfashin juna. A cikinsa akwai surukan Baba, dangin mijin ƙanwata.

Malamin zaɓe ya yi shela cewa wanda ya zauna ko ya fita daga layi ba za a ƙirga shi ba. Ya bi mu yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa. Yana gamawa wakilin ɗaya ɓangaren ya ce bai yarda ba, akwai yaran da ba su isa ba a cikinmu. Aka yi ta cacar baki, aka fitar da wasu, aka ce a sake. Ana cikin haka wani tsoho daga layinmu ya fita zai kama ruwa. Matan can ɓangaren suka rangaɗa guɗa, samari na ihu wai ya tuba, ya gane gaskiya. Tsohon ya dawo da gudu yana rantse-rantse, ana ta dariya. Baba ya ga wannan da idonsa.

Ni mutum kaɗan ne tsakanina da shi. Na ga gumi na bin bayan wuyansa yana shiga riga. Na ga ya sauya tsayuwa, ya jingina da sandar hoton, hannunsa na hagu ya shige cikin riga ya tsaya a ƙugu. Na san ta sauko. Abin da yake bukata kaɗan ne, ya zaga bayan aji ya kwanta ya mayar da ita, kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Amma a gaban layi yake, hoto a hannunsa, surukansa na kallo, mata na kallo.

Aka gama ƙirge na biyu, wakilinmu kuma ya ce shi ma bai yarda da nasu ba, akwai baƙi daga wata ruga. Rigima ta dawo sabuwa. Azahar ta yi ta wuce ba wanda ya motsa. Ƙafafun Baba suka fara rawa, ina ganin bakin wandonsa na kaɗawa.

Ban san lokacin da na matsa na tsaya a bayan kunnensa ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane ba. Na ce, "Baba, ka ba ni sandar, ka zaga bayan aji."

Bai juyo ba. Ya ce da hoton da ke hannunsa, "A ce wa wancan ya koma wurinsa, ana ƙirge."

Na fita daga layi na nufi wurin mata in kira Gwaggo. Guɗa ta tashi, ana ihu ɗan Malam ya fita, ɗan Malam ya tuba. Na ji kamar in koma in shaƙe wani, amma ban tsaya ba. Gwaggo ta biyo ni tana tuntuɓe da mayafi, ta je gabansa ta yi magana ƙasa-ƙasa. Na ji amsarsa. "Yaya, saura kaɗan. Yaron nan ya fita an yi guɗa, in ni ma na fita me za a ce?" Ashe fitata ƙara ɗaure shi ta yi. Gwaggo ta tsaya a gefensa ta ƙi komawa, ita ma ba a ƙirga ta ba.

Sai wajen la'asar malamin zaɓe ya taɓa kafaɗar Baba a karo na ƙarshe, wakilai suka yarda, aka ce layin Alhaji ya yi rinjaye. Fili ya kaure da murna. Baba ya miƙa wa na bayansa sandar, ya taka da ƙafarsa, a hankali, yana amsa gaisuwa, har ya zaga bayan aji. Muka tsaya daga nesa ni da Gwaggo kamar yadda muka saba. Muka jira. Bai fito ba. Sai muka ji kakarin amai.

Na same shi kwance a gefe, farar rigar ta ɓaci, cikinsa ya yi tauri kamar tulu. Gwaggo ta ce, "Shi ke nan, abin da likita ya faɗa ne." Na ruga neman mota. Babu ko ɗaya a ƙauyen, mai babur ɗaya da muke da shi ya tafi kai sakamako. Ƙanena ya ɗaura wa shanu amalanke, jan bijimin da ɗan'uwansa, muka shimfiɗa tabarma da zannuwa muka ɗora Baba. Niyyarmu mu kai bakin babbar hanya, tun da an saki motoci, ko Allah zai kawo wata.

Hanyar ramuka ce, kowane rami sai ya cije leɓe. Ina zaune na tallafe kansa a cinyata, abin da ban taɓa yi ba. Gwaggo na gefe tana karanta duk addu'ar da ta sani. Bijimin da aka ƙi sayarwa yana ja da ƙarfinsa, ƙanena na dukansa yana kuka.

Mun kusa fita babbar hanya sai muka ji hon da kiɗa. Motocin mutanen Alhaji ne, sun kwaso wakilai daga rumfunan yankinmu za su Karaye, cike maƙil, samari har kan rufi. A ta gaba ƙahonina ne guda biyu a ɗaure, suna ta ambaton nasara. Na dire daga amalanke na ruga bakin hanya ina ɗaga hannuwa biyu ina ihu su tsaya. Sun gane ni. Suka ɗaga mini hannu su ma, suna kiran mai rediyo, mai rediyo, mun ci. Wani har ya jefo mini hula. Muryata ba ta fi ƙarfin lasifikata ba, don ni na gyara ta da hannuna, na san ƙarar da take da ita. Suka wuce gaba ɗaya.

Na dawo na hau amalanke. Baba ya buɗe ido ya dube ni, ni ɗin, ba bango ba. Sai ya kira sunana. Ban san ma ya iya faɗinsa ba, har na waiwaya ina neman wanda ya yi magana.

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "An ƙirga ni kuwa?"

Na ce, "An ƙirga ka, Baba, an ma maimaita."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya mayar da ido ya rufe.

Daga baya wata motar hatsi ta tsaya mana, Allah ya saka wa direban da alheri, ya yi gudu iya ƙarfin motarsa. Amma kafin mu shiga Karaye Gwaggo ta ɗora hannu a ƙirjin Baba, ta daɗe, sannan ta ja zane ta rufe masa fuska.

Alhaji ya ci zaɓe. Ya zo ta'aziyya ranar sadakar bakwai da ayarinsa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a zauren nan dai. Har hawaye ya yi, kuma ban ce na ƙarya ba ne. Ya ce da an sanar da shi da motarsa zai bayar. Sannan ya juya ga jama'a ya ce wannan rashi ya nuna masa abin da yankinmu ya fi bukata shi ne hanya, don ko an kawo likita in babu hanya aikin banza ne, saboda haka hanya zai sa gaba. Dattawa suka ce Allah ya ba da iko. A cikinsu ina ganin waɗanda suka sunkuyar da kai a gindin tsamiya, har yanzu da rawaninsu a ƙugu ƙarƙashin riga.

Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta daka mini harara daga ƙofar cikin gida, na haɗiye. Aka fito da abincin sadaka. Jan bijimin ne aka yanka da safe, don ba mai iya kallonsa a turke kuma. Naman ya yi kitse sosai, Alhaji ma ya yaba, ya ce a ƙara masa romo.